Sigarin Awaki

Durba, bakwai ga watan Rajab

Zuwa ga 'yata Huseina, a gidan Malam Isiyaku na ɗakin shan magani, Rano.

Gaisuwa mai yawa. Ina gajiya, ina yara, ina maigidanki. Mu nan sai godiyar Allah. Ɗanmalam tela ne ke riƙe da alƙalami, ni Mato nake faɗa, na kuma gargaɗe shi kada ya gyara mini magana.

Bayan haka, tun ranar da rana ta yi husufi, kaji suka kama hanyar akurki da azahar, yau wata uku ke nan da 'yan kwanaki, ban sake ganin abin da ya tayar mini da hankali ba sai shekaranjiya, da Kawu mai jaki ya sauke mini langarki.

Ki sani Kawu bai zo kai tsaye ba. Ya ratse garin Zinyau wurin sunan jikan yayarsa, ya kwana can, langar tana ɗaure cikin mangala tana shan rana wuni biyu. Da ya miƙo mini ita, na wanke hannu, na kira gwaggonki Fanta, na kira jikata, amaryata Kulu, don na zaci alkaki ne ko dambun nama. Ina ɗaga murfi wani wari ya doke ni, irin na rijiyar da ɓera ya mutu a ciki. Ga wasu abubuwa nan jere kamar manyan yatsu, an naɗe su da ganye, an soke kowanne da tsinke, suna ta yauƙi, wani jan abu yana leƙowa ta gindinsu kamar hanjin ƙadangare. Fanta ta toshe hanci da gefen zane ta tambayi Kawu ko maganin sammu ne.

Kawu ya ce wai abinci ne. Wai a ajin mata kuka koya wurin malamar tsafta, ganyen kabeji ne da karas a ciki, kuma wai Turawa kan fara cin irinsa kafin abinci don ya buɗe musu ciki. Ni dai shekarata saba'in, cikina bai taɓa rufewa ba balle in nemi mabuɗi. Fanta ta raɗa masa suna sigarin awaki. To ko akuyar ma da aka miƙa mata, shinshinawa ta yi ta yi atishawa ta koma ga harawarta. Na sa an binne shi bayan danga, an wanke langar da toka har sau uku, ga ta nan Kawu zai dawo miki da ita.

Kada ki ce laifin rana ne. Na san inda ake shuka irin ganyen nan. Na yi shekara huɗu ina kai taki lambunan bayan birnin Kano da jakai, na ga ruwan da ake ba su da idona, ruwan da ya wanko gari ne, da abin da ke cikinsa duka. Shi za ki naɗe ki aiko wa ubanki?

Sai magana ta biyu. Kawu ya ce kin ja shi gefe kin tambaye shi ko yaran gidan nan suna gani sosai idan magariba ta yi. Yaro ɗaya ne a gidan nan, ke ma kin sani. Na san 'yar fari ce, kunya ba za ta bar ki ki kama sunanta ba, haka muka gada kuma ban ce ki bari ba. Amma tun ranar da kika yaye ta aka kawo mini ita, yau shekara huɗu, ba ta taɓa kwana da yunwa ba. Miya ce ba ta so, ko kuka ko kuɓewa, ni kuwa ba na tilasta mata. Tuwonta take ci da nono, ta sha fura, ta yi ɓul-ɓul. In tana tuntuɓe da yamma, rawar kai ce irin taki kina ƙarama.

Ki gaida maigidanki. Allah ya yi muku albarka.

Ni ne ubanki, Mato.

*

Rano, goma sha biyu ga Rajab

Zuwa ga Babana.

Ina durƙusawa ina gaishe ka, ina gaida Gwaggo. Da hannuna na rubuta wannan, a yi haƙuri da karkacewar baƙaƙen.

Baba, na tuba game da langa. Abin ba na ajiya ba ne, yanzu ake yi yanzu ake ci, wautata ce da na ba Kawu. Kuma wannan kabejin a fadamar bayan gari aka shuka shi, da ruwan rijiya.

Ba wanda ya kawo mini gulma. Lokacin da na zo gaisuwar rasuwar Iya Lami na gani da idona. Ana kiran sallar magariba waccan yarinyar ta bar wasa ta kama bango tana lalube, sauran yara suna ta gudunsu. Na kasa magana a gaban mutane. Da na gaya wa Malam ya ce dundumi ne, yana kama yaran da ba sa cin miya da ganye. Ya ce in aka bar shi idon yakan bushe, fari ya fito a kan baƙin, daga nan ko rana tsaka ba a gani. An kawo masa yara biyu bana da suka kai haka, ba abin da ya iya yi musu.

Ga kabeji biyu ɗanye, da karas, da kwalbar manja. Don Allah Ɗanmalam ya karanta wa Gwaggo wannan. A ɓare ganyen ɗaya-ɗaya a wanke da ruwan gishiri, a tsoma cikin tafasasshen ruwa har ya yi laushi, don haka ba ɗanye ba ne. A dafa zogale a matse, a kankare karas ƙanana, a cuɗa su da garin ƙuli-ƙuli da ɗan manja. A zuba cokali guda a bakin ganyen, a naɗe kamar tabarma, a soke da tsinke irin na tsire. In kabeji ya ƙare, waina mai faɗi marar kauri ma tana naɗuwa.

Abin da ya fi muhimmanci, kada a yi a ba ta. A tara yara uku ko huɗu, a zube kayan a faifai, a bar su su naɗa da kansu. Malamarmu ta ce yaro ba ya ƙyamar abin da hannunsa ya yi, na kuwa gwada da ƙannenta na ga gaskiya ne.

Baba, ban aiko don raini ba. Allah ya ƙara maka lafiya da nisan kwana.

'Yarka, Huseina.

*

Durba, ashirin da shida ga Rajab

Zuwa ga Huseina.

Gaisuwa. Muna lafiya, in ban da abin da za ki ji.

Saƙonki ya iso. Na ɗauki kabejin nan na juya shi, abu kamar kan jariri da aka yi wa rawani goma. Ina ɓare ganye na uku sai ga tsutsa koriya shar, ƙatuwa, ta ƙoshi, tana kwance cikin kashinta. Na nuna wa Fanta na ce ga mai gidan nan, ita ya kamata a nemi izininta.

In ma dundumi ne, ba yau aka fara shi ba. Tun kafin Bature ya san hanyar Rano muke maganinsa da gasasshiyar hanta. Na taka har kasuwar Kibiya na sayo, na gasa da hannuna. Ta tauna ɗaya ta tofar a kan rigata, ta ce ɗaci. Na yi lallashi, na ce zan sake ta in auro wata mai cin hanta, ta ce in je in auro, wa zai so tsoho marar haƙori. To zan sake gwadawa. Amma na faɗa wa Fanta da babbar murya, ganye ba zai zama abinci a gidana ba. Miya daban. A tara ganye a kwano a ce ci, wannan ban yarda ba.

Ashe gwaggon taki ta riga ta sa Ɗanmalam ya karanta mata takardarki sau biyu a bayan idona. Yana nan yana rubutawa yana sunkuyar da kai, ya san abin da ya yi. Ranar Laraba da la'asar na dawo daga duba rumbu na tarar gida shiru. Na ji shewar yara a gidan Ramalan maƙwabcinmu, wanda zogale ya cika masa danga. Na leƙa.

Su shida ne zaune kewaye da faifai, hannuwa jage-jage da manja, majina na zuba, kowa na dangwalar abu ɗaya. Wannan ya lashe yatsa ya mayar, wancan ya naɗa nasa ya warware ya sake naɗawa da ƙasa a jiki. Suna gasar wanda nasa zai fi siriri. Amaryata tana tsakiya, ta jera uku a cinyarta, tana cin na huɗu. Da ta gan ni ta taso da gudu ta miƙo mini guda, ta ce, "Maigida, ga naka, ni na yi maka."

Ta yi dariya. Haƙoranta duk kore, koren ruwa yana gangarowa ta gefen bakinta.

Huseina, ban san lokacin da na fita ba. A gindin dangar Ramalan na durƙusa na amayar da duk abin da na ci tun safe, matan gidan suna kallona. Da na miƙe na koma na fisge ta, na sa yatsa na kwakule mata baki, na kawo ta gida tana ihu. Sauran kabejin na jefa shi a masai.

Yau kwana shida Fanta ba ta ce mini ko sannu ba, tuwon ma da gudaji take tuƙa mini shi. Amarya ta daina kirana Maigida, sai dai Tsoho. Ku kuka jawo. Kada a ƙara aiko mini da komai mai ganye.

Ubanki, Mato.

*

Ɗakin Shan Magani, Rano
9 ga Fabrairu, 1960

Zuwa ga Baba Malam Mato, Allah ya ƙara girma.

Bayan gaisuwa ta ladabi da biyayya, ina neman gafara da na rubuto kai tsaye, abin da bai kamaci suruki ba.

Maganar hanta da Baba ya yi gaskiya ce, littattafanmu ma haka suka ce. Sai dai magani ba ya aiki sai an haɗiye shi, kuma abin da aka ga yarinyar ta ci da son ranta shi ne wanda aka hana.

Kawu ya sanar da mu cewa ranar Asabar bayan faɗuwar rana ta taka murhu da garwashi a ciki, ƙafarta ta ƙone, alhali Gwaggo da ke nesa tana ganin murhun sarai. Mahaifiyarta kwana uku ke nan ba ta ci abin kirki ba.

Saboda haka ina roƙon izinin Baba. Ranar Juma'a ta sama, bayan an sauko daga masallaci, zan zo da keke in ɗauko ta, ta zauna wurinmu a yi mata magani. Ba ƙwace ba ne. Baba ya riƙe ta riƙon da ba za mu iya biya ba. Amma ido ba ya jira.

Allah ya huci zuciyar Baba.

Naka mai biyayya, Isiyaku.

*

Durba, goma sha huɗu ga Sha'aban

Zuwa ga Huseina.

Gaisuwa. Ki gaya wa maigidanki takardarsa ta iso. Ba zan amsa masa ba, ke zan gaya wa, don maganar ta gidanmu ce. Ƙafar tana warkewa, ni nake wanke ta.

Kin taɓa tambayar abin da ya sa duk Durba gidanmu ne kaɗai ba zogale a danga? Da akwai. Ni na sare su.

Shekarar yunwar Ƙaƙalaba, shekara arba'in da shida ke nan, ina da mata kafin uwarki, muna da ɗa guda, shekararsa huɗu. Damina ta ɗauke gero yana ciki. Muka ci iri, muka ci dusa, muka tone gidajen tururuwa. Daga nan sai ganye. Zogale ya ƙare a kwana goma, aka koma tafasa, aka koma yaɗiya, har abin da akuya ke tsallakewa. Ba gishiri, ba ƙuli, ruwa ne da ganye. Duk garin nan warinsa yake, a tukunya, a numfashin mutane, a bayan gida. Har yau in ana dafa tafasa a wata unguwa ni nake fara ji.

Yaron ya ƙi ci. Uwarsa takan dunƙula ganyen ƙanana, ta naɗe a wani ganyen, ta ce masa nama ne. Ni nake riƙe masa hannuwa. Cikinsa ya kumbura ya yi ƙyalli, ƙafafu kamar kara, abin yana fita yadda ya shiga. Ranar da ya cika, ni na wanke shi, don ba mai ƙarfin zuwa. Na sa yatsa na kwashe ganyen da ya rage masa a baki.

Ɗan fari ne. Shekara huɗu ban taɓa ɗaukarsa a gaban mutane ba, ban taɓa kiran sunansa ba, sai kai, sai wancan. Har aka rufe shi. Sunansa Shitu. Ɗanmalam, rubuta shi da kyau.

Da na dawo daga maƙabarta na ɗauki gatari na bi dangar, na kuma rantse da Allah cewa muddin ina numfashi jinina ba zai ƙara cin ganye a matsayin abinci a hannuna ba. Na riƙe rantsuwar nan shekara arba'in da shida, har shekarun da fara ta cinye hatsi ban karya ta ba. Yanzu wata malama da ba ta taɓa kwana da yunwa ba ta soke shi da tsinke ta ce kwalliya ne.

Ganye ba zai shigo ba. Yarinya kuma ba za ta fita ba. In maigidanki ya zo zai same ni a zaure, a ba shi ruwa ya sha ya koma.

Ubanki, Mato.

*

Rano, goma sha shida ga Sha'aban

Baba,

Na gaishe ka. Ban san ina da wa ba sai jiya. Na yi masa addu'a da sunansa, Allah ya sa mai ceto ne.

Baba, Kulu 'yata ce. Kulu. Ga shi na rubuta, duk wanda zai ce ba ni da kunya ya ce. Shi yunwa ce ta ɗauke maka shi, ba yadda za ka yi. Ita rumbunka cike yake, maganinta kuma yana dangar maƙwabci. Ba na so in riƙa ja mata sanda.

Ka yafe mini.

Huseina.

*

Durba, goma sha takwas ga Sha'aban

Huseina,

Gaisuwa. Ɗanmalam ya karanta mini, na sa ya maimaita.

Jiya da aka idar da magariba na tsaya a tsakar gida, taku uku tsakanina da ita, na miƙa hannu na yi shiru. Ina ganin har kitson kanta. Ta juyo ta dube ni sosai, ta wuce da idonta kan turmi, ta ce, "Tsoho, kai ne can?"

Yau na je wurin liman. Ya ce wanda ya yi rantsuwa sannan ya ga abin da ya fi ta alheri, sai ya karya ya yi kaffara, ya ciyar da miskinai goma. Na ce masa ƙazantar fa tana nan ƙazantarta. Ya ce ba a ce in ci ba.

To ba zan ci ba, ba zan taɓa ba, ba kuma zan kalla ba. Fanta ta tara yaranta a bayan ɗaki su yi ta naɗa sigarinsu, ni ina zaure na ba su baya, a kuma wanke mata baki kafin ta zo kusa da ni. Ki gaya wa maigidanki ya ajiye kekensa. Ya ba ni zuwa ƙaramar salla. In ranar ba ta iya nuna ni da yatsa bayan magariba ba, ni da kaina zan ɗora ta a jakin Kawu in kawo muku.

Gobe in Allah ya kai mu, ina idar da asuba zan buɗe rumbu in auna dawar mutum goman nan. Daga nan in ɗauki adda in shiga gidan Ramalan, in roƙi rassan zogale bakwai, in kafa su a dangar yamma inda iska ba za ta riƙa kawo mini warinsu ba.

Allah ya yi miki albarka.

Ubanki, Mato.